Suleja Da Zancen Mazaunin Iyali

Akwai wata tambaya wadda kusan kowane magidanci ɗan Arewa mai neman abinci a Kurmi yakan yi wa kansa, ko ba daɗe ko ba jima. Tambayar kuwa ita ce, a ina iyali za su zauna? Muddin mutum yana saurayi, ko kuwa cin rani ne ya kai shi yana jiran ruwan fari ya koma gona, to wannan magana ba ta taso ba, domin tabarma ɗaya a shagon ɗan'uwa ta ishe shi. Amma ran da aka ɗaura masa aure, aka yi haihuwar fari da ta biyu, yara suka fara buɗe baki da harshen da kakarsu ba ta ji, daga ran nan tambayar ba ta sake barinsa ya yi barci mai nauyi. Ana yin ta a Agege da Idi-Araba da Obalende, ana yin ta a unguwar Sabo ta Badun da ta Shagamu, ana kuma yin ta a Anaca da Fatakwal. A cikin amsoshin da ake bayarwa, sunan Suleja ta Jihar Neja yana ƙara fitowa a bakin jama'a. Saboda haka ya dace a tsaya a dubi garin nan da idon basira, a auna abin da yake iya ba iyali da abin da ba ya iya ba su, tun kafin wani ya kwashi gumin shekara ashirin ya zuba a inda bai sani ba.

Da farko dai, adalci ne a faɗa cewa Kudu ta yi wa 'yan Arewa rana. Fataucin goro da na shanu, cinikin albasa da tumatir, canjin kuɗi, ɗinki, gadi da tuƙin mota, duk sun gina gidaje da yawa a Kano da Sakkwato da Katsina da kuɗin da aka samo a bakin teku. Tun a shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, kuma yau akwai gidajen da jika da tattaɓa kunne duk a can aka yanke musu cibi. Masu masauki da yawa sun riƙe baƙinsu da mutunci, har an yi surukuta, an ci amanar juna da wuya. Duk da haka akwai abubuwa uku da ke sa magidanci ya riƙa waiwaye.

Na farko shi ne muhalli. Gidan haya mai dogon lungu, ɗaki na kallon ɗaki, madafi ɗaya da ban ɗaki ɗaya ga iyali goma, bai dace da irin zaman da Bahaushe ya saba ba, inda akwai zaure domin baƙi, da tsakar gida inda mace za ta sake ta yi aikinta ba idon kowa a kanta. Na biyu shi ne tarbiyya da harshe. Yaron da ya tashi yana jin Hausa a bakin uwarsa kaɗai, ya wuni a titi da makaranta yana broka, da wuya ya iya gaida dattijo yadda ake so, balle ya fahimci habaici ko karin magana. Na uku shi ne fargaba. Ba wanda ya manta da abin da ya auku a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Sabo ta Ile-Ife a 2017, da kuma kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairu na 2021. Galibin waɗannan fitinu ƙaramar rigima ce ta girma kafin dattawa su farga, kamar dai yadda 'yan Kudu mazauna Arewa su ma suka sha ɗanɗana irin wannan ɗaci. Mai kansa ɗaya yana iya tsallake katanga, amma mai mata da goyo ba shi da wannan dama. Bugu da ƙari, hana sana'ar acaɓa da aka yi a manyan sassan Legas a 2020 da kuma 2022 ya nuna cewa abincin da mutum ya dogara da shi yana iya yankewa da sanarwa guda.

To, in an ce a ɗauke iyali, ina za a kai su? A da amsar ba ta da wuya, watau a mai da su ƙauye wajen dangi. Yau kuwa ƙauyuka da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, har da wasu sassa na ita kanta Jihar Neja, sun sha wahalar 'yan bindiga shekara da shekaru, Arewa maso Gabas kuma ta ga abin da ta gani tun daga 2009. Har inda ake zaune lafiya ma, yaron da ya fara karatu a birni yakan rasa makarantar da zai ɗora. Wannan ne ya sa ake neman gari na tsakiya, wanda ke da ƙamshin gida, yana kuma kusa da inda ake samun kuɗi. A nan ne Suleja ta shigo cikin lissafi.

Duk wanda zai yi maganar Suleja, wajibi ne ya fara da tarihinta, domin kuwa ita kanta amsa ce ga irin wannan tambaya da wasu magidanta suka yi wa kansu kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da fadawansa da iyalansu, suka nausa kudu har suka yada zango a Zuba, garin mutanen Koro. Makau ya rasu a fagen fama a wajen Lapai a 1825, sa'an nan ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi. Shi ne ya kafa sabon gari a 1828, ya fara gina masa ganuwa shekara guda bayan haka, garin kuma ya ɗauki sunansa, aka ce Abuja. Mutanen nan ba su sami komawa Zariya ba, amma kuma ba su yarda sun zama ɓatattu ba. Sun taho da sarautunsu, Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu da Iya, sun taho da malamansu da maƙeransu da masaƙansu da marinansu, suka dasa su a tsakanin duwatsun ƙasar Koro da ta Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Har yau Sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa. Abuja ta tsare kanta daga hare-haren maƙwabta har Turawa suka shige ta a 1902. Saboda irin riƙon da ta yi wa tsohon tsarin sarauta, da masanin nan M. G. Smith ya tashi rubuta littafinsa a kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, Abuja ya duba domin ya gane yadda Zazzau take kafin jihadi. Su ma 'ya'yan garin ba su bari tarihinsu ya ɓace ba, domin Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta shi da Hausa, aka juya shi zuwa Turanci a 1952.

A watan Fabrairu na 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kafa dokar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa tsakiyar ƙasa. Masarautar Abuja ta ba da yanki mai yawa daga cikin ƙasarta, ta kuma ba da sunanta. Tsohon garin aka sake masa suna Suleja domin girmama Sarki Sulaimanu Barau, tsohon malamin makaranta wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. A Suleja ne ma'aikatan farko na hukumar gina sabon birnin suka yada zango, kafin gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Mutanen Abu Ja ba su tarar da gida yana jiransu ba. Gina shi suka yi, da masallaci da makaranta da kasuwa da shugabanci, da kuma sanin yadda za a zauna da waɗanda aka tarar a wurin. Haka nan Hausawan Sabo suka yi a Badun, haka kuma 'yan Kudu suka yi a Sabon Garin Kano. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa jin Hausa a tasha da kasuwa bai isa ya sa wuri ya zama gida ba, ko da yake shi ma abin so ne.

Abin da Suleja ke da shi a yau ba kaɗan ba ne. Akwai fadar Sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni, watau akwai inda za a kai ƙara a sasanta ba sai an je wajen 'yan sanda ba. Akwai masallatan Juma'a da makarantun allo da na Islamiyya, akwai hawan Salla wanda yaro zai gani da idonsa maimakon a riƙa ba shi labari. Hausa ita ce harshen ciniki a tsakanin kabilu, kuma mace za ta sami dawa da gero da daddawa da kuka da man shanu ba sai an aiko mata daga Arewa ba. Akwai babban asibiti, akwai kasuwanni, akwai makarantun gwamnati da na kuɗi, har da makarantar Gwamnatin Tarayya ta yara masu hazaƙa, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawa. Kuɗin haya da na fili sun fi na cikin Abuja sauƙi nesa ba kusa ba. Sa'an nan ga hanya: motar da ta taso daga Kudu ta Lakwaja takan biyo ta Zuba da Madalla, wadda ta biyo ta Ilori da Makwa da Bida takan ɓullo ta Lambata, daga nan kuma hanya ta miƙe zuwa Kaduna da Zariya da Kano. Magidancin da ya ajiye iyali a Suleja ya ajiye su ne a tsakanin inda yake nema da inda aka haife shi.

Amma fa araha ba ta ado. Suleja ta yanzu ba ita ce Abuja ta cikin ganuwa ba. A ƙidayar 2006 an sami sama da mutum dubu 200 a ƙaramar hukumar, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. Rushe-rushen da aka yi a birnin tarayya tsakanin 2003 da 2007 sun koro mutane masu yawa zuwa garuruwan gefe, Suleja da Madalla na cikin waɗanda suka karɓe su. Saboda haka a sababbin unguwanni za a tarar da Ibo da Yarabawa da Tibi da Igala da Ibira da Nufawa, Musulmi da Kirista, kowa da irin zamansa. Yaron da aka ɗauko daga Agege domin gudun broka yana iya tarar da ita tana jiransa a Madalla. Ba a kuma manta ba cewa a watan Afrilu na 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ran Kirsimeti na wannan shekara kuma wani ya tashi a cocin Katolika na Madalla, aka yi asarar rayuka masu yawa, har aka sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci. Hanyar Kaduna ita ma ta yi ƙaurin suna wajen satar mutane a shekarun da suka biyo baya. Ba a kawo waɗannan domin a tsorata kowa ba. An kawo su ne domin kada wani ya zaci akwai garin da fitina ba ta san hanyarsa ba.

Tun da haka ne, magidancin da ya yi niyyar Suleja sai ya daina tambayar ko garin yana da kyau, ya koma tambayar wace unguwa, wane fili, waɗanne maƙwabta. Tsohon gari, wajen fada da unguwannin da ke kewaye da ita, shi ne ya fi kama da gida a zamantakewa, amma a matse yake, fili kuma ba ya samuwa da sauƙi. Wajen Kwamba da Maje da Chaza da Rafin Sanyi da Gauraka an fi samun sarari, sai dai kowace unguwa da halinta. Akwai abubuwa biyar da ya kamata a tabbatar da su kafin a miƙa ko kwabo.

Na ɗaya, takarda. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, kuma a cikin gari shi ne ke ba da takardar shaidar mallaka, shi ne kuma ke amincewa da sayar da filin da ke da ita. Takardar ciniki wadda mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfaninta, amma shaidar biyan kuɗi ce, ba ta kare mai ita ran da hukuma ta zo da taswira. Mazaunin Kudu shi ne dillalin banza ya fi so, domin yana da kuɗi a hannu, yana gaggawar komawa bakin kasuwarsa, kuma yakan yi ciniki ta waya da hoto. Ta haka ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku, ko a sayar da gonar gado ba da sanin sauran magada ba. Wajibi ne mai saye ya taka da ƙafarsa, ya ga mai unguwa da dagaci, ya tambayi maƙwabtan filin ta fuska huɗu, ya ɗauki safiyo ya auna, sa'an nan ya bincika a ofishin filaye na jiha. Ya kuma lura cewa Madalla tana Jihar Neja, Zuba kuwa tana yankin birnin tarayya, ga su kafaɗa da kafaɗa, alhali kuwa a yankin tarayya Minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Taku kaɗan yana iya canja hukumar da ke da iko da ƙasar da mutum ya tsaya a kai. Haka nan a nisanci bakin babbar hanya, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da layin bututun mai.

Na biyu, ruwa, wanda ake gudu da wanda ake nema. Suleja gari ne na tuddai da kwaruruka, kogin Iku ya ratsa ta, rafuffuka kuma suna gangarowa daga duwatsu. Damina a nan ta fi ta Kano da Katsina tsawo da ƙarfi. A daminar 2017 ambaliya ta ci gidaje da rayuka a garin. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama hanyar ruwa a watan Agusta, don haka mai hankali da damina yake zuwa ganin fili, ya dubi alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta. In ya ga an karya farashi fiye da kima, to ya tuna ruwa ba ya tsami banza. Ta ɗaya gefen kuma ya tambaya ko famfo yana kawo ruwa a unguwar, ko rijiya tana kaiwa bazara, ko kuwa kullum sai an saya wajen 'yan garuwa. Kuɗin ruwa na wata yana iya cinye rangwamen da aka samu a haya.

Na uku, makaranta da asibiti. A tambaya, yaro ɗan shekara shida zai iya zuwa makaranta da ƙafa ba tare da ya tsallake babban titi ba? Yara nawa ne a aji ɗaya? Su wane ne malaman Islamiyyar unguwa, kuma a wajen wa suka yi karatu? Ana koyar da Hausa a makarantar boko, ko kuwa ana tarar yaro in ya yi ta? In naƙuda ta kama mace da tsakar dare, mota tana iya shiga lungun, kuma minti nawa ne zuwa asibiti? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su daga Legas. Gani ya kori ji.

Na huɗu, abin yi da kuɗin zirga-zirga. Wanda zai rufe shagonsa na Kudu ya dawo gaba ɗaya, sai ya san tun da wuri ko sana'arsa tana da kasuwa a nan, domin suna da amanar da ya tara cikin shekara ashirin a Mile 12 ba sa shiga mota tare da kaya. Wanda kuma ya sa ran zai riƙa shiga Abuja kullum, sai ya lissafa cunkoson Madalla da Zuba safe da yamma, da kuɗin mota wanda ya yi tsalle tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Hanyar nan ta manyan motoci ce da tankokin mai, kuma gobarar tankar da ta auku a mararrabar Dikko a watan Janairu na 2025, wadda ta ci sama da mutum 80, ta isa gargaɗi ga mai sha'awar gida a bakin titi.

Na biyar, wanda kuma ya fi sauran nauyi, maƙwabta. Tun da can aka ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai niyya ya kwana biyu ko uku a unguwar, ya yi sallar asuba a masallacinta, ya zauna a majalisar dattawanta, ya ga abin da samarinta ke yi bayan magariba. In aka yi rasuwa, ana fitowa? In yaro ya yi ba daidai ba, akwai mai tsawata masa? Wannan shi ne ma'aunin unguwa, ba fentin gidaje ba. Dabara mafi kyau ita ce a kama haya shekara guda kafin a sayi fili. Kuɗin hayar shekara ba asara ba ne in ya tsare mutum daga nadamar shekara talatin.

Akwai kuma wata magana da ba a cika son taɓawa ba, ita ce ta raba iyali. Da yawa daga masu wannan shiri ba su da niyyar barin Kudu, so suke su ajiye mata da yara a Suleja, su riƙa leƙowa bayan wata biyu ko uku. Wannan yana da tsadarsa, wadda ba a biya da naira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke ganin ubansa sau huɗu a shekara titi ne zai yi masa uba, a Suleja yake ko a Agege. Matar da aka ɗauko daga cikin ƙawayen da ta saba da su, aka ajiye ta inda ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, ba a kai ta gida ba, an dai canja mata baƙunta ne. Saboda haka tilas a yi shawara da ita tun daga farko, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita ce kuma za ta wuni a gidan. In ba wani dattijo amintacce ko ɗan'uwa na kusa da zai sa ido, to zama tare a ɗaki biyu a Kurmi yana iya fin gida mai ɗaki biyar da ba uba a cikinsa. Ba kowa ne ya wajaba ya tashi ba. Wanda ya zaɓi zama a Kudu shi ma yana da abin yi: ya yi Hausa da 'ya'yansa a gida, ya taimaki Islamiyyar unguwarsa, ya riƙa kai yara ganin dangi lokacin hutu.

Wanda kuwa ya tare a Suleja, kada ya manta cewa can ma baƙo ne. Akwai 'yan gari, zuriyar mutanen Makau, masu al'adunsu da tsarinsu, akwai kuma Gbagyi da Koro waɗanda kowa ya tarar a ƙasar. Martabar garin ta kowa da kowa ce. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, 'yar Gbagyi ce, kuma a makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a garin a farkon shekarun 1950 ta yi aikin da ya kai sunanta Ingila da Amurka. Dutsen Zuma, wanda ke jikin naira 100, ya ga zuwan kowa. Ɗan Arewan da ya san zafin a kira shi baƙo a Badun, shi ne ya fi cancanta ya kyautata wa Ibon da ke haya a gefensa a Kwamba. In ya zo da girman kai, yana ganin ya dawo ƙasarsa ne saboda haka kowa ya kauce, to ya taho da irin wutar da ya gudo wa.

Hukumomi su ma akwai nasu nauyi. Suleja ta ba da ƙasarta da sunanta domin a gina wa Nijeriya babban birni, tana kuma kwana da dubban ma'aikatan da ke yi wa birnin hidima da rana. Hakki ne a kan Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Neja su dube ta da ruwan famfo da magudanan ruwa da hanyoyin cikin gari da ƙarin azuzuwa. Ya kamata a yanka sababbin unguwanni bisa tsari tun kafin jama'a su riga hukuma isa wurin, a keɓe filin makaranta da asibiti da maƙabarta, a hana gini a kan hanyar ruwa tun ana harsashi, maimakon a bari sai an tare a zo da motar rusau. A kuma sauƙaƙa binciken takardun fili yadda talaka zai iya yi a cikin garin ba sai ya yi ta safa da marwa zuwa Minna ba. Sarakunan Hausawa na biranen Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya taimakawa ƙwarai in suka ƙulla zumunci da masarautar Suleja, yadda duk wani nasu da zai sayi fili zai sami amintattun da za su bincika masa. Masu niyya kuma su haɗa kai, gida biyar ko goma su sauka wuri guda, su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, su ɗauki malami ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A taƙaice, Suleja wuri ne da ya cancanci a sa shi cikin lissafi, ga wanda ya bincika, ya yi shawara da iyalinsa, ya kuma shirya ba da nasa ƙoƙari. Ga wanda ya yi gaggawa kuwa, ya sayi fili ta waya, ya jibge mata da yara ya juya, tana iya zame masa wata sabuwar wahala. Mutanen Abu Ja sun fara da ganuwa da masallaci da sanin hakkin maƙwabci, shi ya sa garinsu ya kusa cika shekara ɗari biyu yana tsaye. Magidancin yau ba ya bukatar ganuwa, amma sauran biyun har gobe ba su da madadi. Allah ya ba kowa mazauni na alheri, ya kuma shirya zuriya.